Ina son sa wa 'yata Tumadir, dangin mijina sun mayar da shi tumatir

Assalamu alaikum Anti. Ina da cikin wata takwas, haihuwar fari, kuma likita ya ce mace ce. Tun ina makaranta, ranar da malaminmu na adabin Larabci ya ce sunan mawaƙiya Khansa'u na yanka Tumadir ne, sunan ya zauna min a rai. Na ƙudurta in Allah Ya ba ni 'ya mace shi zan so a sa mata. Na gaya wa maigidana tun cikin yana ƙarami, ya ce ba damuwa. Makon jiya maganar ta taso a gaban 'yan'uwansa. Yayarsa ta fashe da dariya, ta ce, "Tumatir? To saura Albasa da Tattasai." Kowa ya dara, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajiya surukata ba ta yi dariya ba, amma ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin sunan ba, a bincika ko na Musulunci ne. Tun ranar maigida ya yi sanyi, in na ɗauko zancen sai ya ce a bari dai a haihu lafiya. Na duba intanet, wani shafi ya ce ma'anarsa fara mai haske, wani ya ce nono mai tsami, wani kuma ya ce sunan ba ya cikin jerin sunayen da ake sa wa yara. Don Allah Anti, mece ce ma'anarsa ta gaskiya, daga ina ya fito, kuma akwai masu shi yanzu? In dage ko in haƙura?

Ƙanwarki, mai jiran amsa.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya raba ku lafiya, Ya sa mai albarka ce.

Mutum uku ne suka tanka miki a kan sunan nan, kuma kowanne da irin tasa. Hajiya tambaya ta yi, tambayarta kuwa tana da amsa a littafi. Yayar maigidanki dariya ta yi, ita kuma dariya ba a kashe ta da littafi. Shi maigidan shiru ya yi, kuma a wurina shirun nan ya fi sauran biyun nauyi. Bari mu fara da mai sauƙin.

Shafukan da kika duba ba ƙarya suka yi miki ba, kowanne dai ya tsinci gefe ɗaya ya bar saura. Tumadir ya fito ne daga tushen Larabci mai haruffa uku: mimun, lodi, ra. Larabawan dauri suna kiran nonon da ya fara tsami, wanda yake ɗan cizon harshe kafin ya yi kauri, da "madir". Ibnu Manzur, mai babban ƙamusin nan Lisanul Arab, wanda ya rasu a shekara ta 711 bayan Hijira, ya kawo sunan Tumadir a ƙarƙashin wannan tushen. Ya kuma ciro maganar Ibnu Duraid, malamin lugga da ya rasu a 321, cewa yana zaton daga wannan nonon aka samo sunan. Ki lura, zato ya ce. Sunan ya tsufa ainun, har gwanayen lugga na wancan zamanin ma kirdadon asalinsa suke yi. To in kin ga wani shafi ya yanke miki ma'ana ɗaya tak ya ce ita ce, ya fi Ibnu Duraid ƙarfin hali ne kawai.

Kada kalmar tsami ta tayar miki da hankali. Ga Balaraben da yake zaune a sahara da raƙumansa, nono shi ne rai, kuma da shi ake misalta fari da tsabta. Daga wannan tushen aka sami sunan Mudar ɗan Nizar ɗan Ma'addu ɗan Adnan, ɗaya daga cikin kakannin Manzon Allah (SAW). Malaman nasaba sun ce an kira shi haka ne ko don hasken fatarsa, ko don son da yake yi wa irin wannan nonon. Da tushen nan dai Larabawa suke siffanta ɗanyen abu mai taushi, da rayuwa mai daɗi, har da daɗaɗa yabon mutum. Saboda haka in an tambaye ki kika ce ma'anarsa fara mai haske da taushi, ba ki yi ƙarya ba. In wani ya ce ai daga nono mai tsami ne, shi ma bai yi ba.

Kuma tunda muna kan ma'ana, da yawan sunayen da muke ji da su haka suke in an bi su ƙamus. Khadija tana nufin wadda aka haifa kafin watanninta su cika, wato bakwaini. Fatima daga yaye take. Ba na jin akwai uban da ya taɓa sa wa 'yarsa Khadija saboda ma'anar ƙamus. Don Uwar Muminai ake sawa. Masu suna su ne suke ba suna daraja, kuma a nan Tumadir ba ta da abin jin kunya.

Kin san ta farko, amma bari in ɗan faɗaɗa saboda masu karatu. Tumadir 'yar Amru, wato Khansa'u, daga zuriyar Sharid ta ƙabilar Banu Sulaim, ta rayu a Jahiliyya ta kuma riski Musulunci. 'Yan'uwanta maza biyu, Mu'awiya da Sakhru, yaƙin ƙabilanci ya cinye su. An kashe Mu'awiya a faɗa da Banu Murra. Sakhru kuma aka soke shi a wani hari kan Banu Asad, ya yi jinya kusan shekara kafin ya cika. Marsiyyoyin da ta yi musu, musamman Sakhru, su suka ɗaukaka ta har ake ƙirga ta a sahun gaba na mawaƙan Larabawa, maza da mata. Littattafan adabi sun ce ba banza ta fi kukan Sakhru ba: mijinta almubazzari ne, duk lokacin da ya ƙarar da abin hannunsa sai ta nufi ɗan'uwanta, shi kuma ya raba dukiyarsa biyu ya ba ta rabin da ya fi kyau. A ɗaya daga cikin baitocinta da suka fi shahara ta ce fitowar rana tana tuna mata da Sakhru, faɗuwarta ma haka. Masu sharhi suka ce da safe ake fita hari, da yamma ake karɓar baƙi, wato ta yabe shi da jarumtaka da kyauta a baiti ɗaya ba tare da ta ambaci ko ɗaya ba. Ana kuma ba da labarin ta rera waƙa a kasuwar Ukaz a gaban Nabiga, alƙalin mawaƙa, ya ce ba don mawaƙi A'asha ya riga ta rerawa ba da ya fifita ta a kan kowa.

Akwai wani labarinta da nake so saboda sunan yanka ya fito a ciki. Duraidu ɗan Simma, jarumi kuma mawaƙin da ya tsufa, ya gan ta tana shafa wa raƙuma maganin ƙazuwa, ta burge shi, ya yi mata waƙa yana kiran ta Tumadir tun a baitin farko, ya kuma nemi aurenta. Ta ce ba za ta bar samarin danginta ta auri tsoho ba. Mahaifinta bai tilasta ta ba. Daga baya ta zo Madina tare da mutanenta ta musulunta. Ƙissar 'ya'yanta huɗu da suka yi shahada a yaƙin Ƙadisiyya, wadda ake yawan ji a wa'azi, tana cikin littattafan tarihin sahabbai, ko da yake wasu malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinta.

Ta biyun ce nake ganin za ta fi yi miki amfani a gaban Hajiya, kuma mutane ba su cika saninta ba. A watan Sha'aban na shekara ta 6 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya aiki Abdurrahman ɗan Aufu da rundunar mutum 700 zuwa Dumatul Jandal, wadda take yankin Jauf a arewacin Saudiyya ta yau. Shugaban ƙabilar Kalbu na wurin, Asbagu ɗan Amru, Kirista ne, ya karɓi Musulunci, Abdurrahman kuma ya auri 'yarsa ya taho da ita Madina. Sunanta Tumadir. Ta zauna a birnin Manzo da sunanta, kuma da shi littattafan tarihi suka san ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don Annabi (SAW) ya canja sunayen da bai yarda da su ba: 'yar Sayyidina Umar da ake kira da sunan da yake nufin mai saɓo ya mayar da ita Jamila, Barra kuma ta koma Zainab, wata Barrar ta koma Juwairiyya.

Ita wannan Tumadir ce ta haifi Abu Salama ɗan Abdurrahman, babban malamin Madina wanda wasu suke ƙirga shi cikin fuƙaha'u bakwai na birnin. Hadisin da kowa ya haddace, cewa wanda ya azumci Ramadan da imani da neman lada an gafarta masa abin da ya gabata na zunubinsa, ta hannun ɗanta ya iso Bukhari daga Abu Huraira. Har a fiƙihu tana da gurbi. Abdurrahman ya sake ta saki na ƙarshe yana cikin ciwon ajali, Sayyidina Usman kuma ya ba ta gadonta duk da iddarta ta ƙare. Imamu Malik ya kawo ƙissar a Muwaɗɗa, sauran littattafai suka faɗi sunan matar, kuma a kan wannan hukuncin Malikiyya suka tafi cewa sakin da aka yi a ciwon ajali ba ya hana mace gado. Don haka amsar Hajiya gajera ce: sunan matar ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna ne.

Maganar ko akwai masu shi yanzu, akwai, sai dai ba su da yawa ko a ƙasashen Larabawa. A Masar an yi Tumadir Taufiƙ, shahararriyar mai gabatar da shirye-shiryen rediyo wadda ta kai ga shugabantar gidan talabijin na ƙasar. A Saudiyya, a watan Fabrairun 2018, Sarki Salman ya naɗa Tumadir bint Yusuf Ar-Rammah mataimakiyar ministan ƙwadago da ci gaban al'umma. Za ki ji shi jefi-jefi a Sudan da Iraƙi da ƙasashen Tekun Fasha. Tsohon suna ne mai ƙamshin littafi, irin wanda uba mai son adabi yake zaɓa.

Shafin da ya ce miki sunan ba ya cikin jeri kuwa, ki san inda irin waɗannan shafukan suke samo alƙalumansu. Yawancinsu daga hukumomin ƙasashen Turawa suke kwasa. Hukumar da take fitar da jerin sunayen jarirai a Amurka, wanda ya faro daga haihuwar 1880, ba ta sa sunan da aka raɗa wa yara ƙasa da 5 a shekara. A Ingila da Wales sai suna ya kai yara 3 yake fitowa. To rashin Tumadir a jerinsu yana nuna abu ɗaya ne kawai, cewa Amurkawa da Ingilishi ba sa sa shi. Bai ce komai a kan kyansa ko muninsa ba. Kuma ƙarancin suna ba abu ne mai dawwama ba. Sunaye nawa ne iyayenmu ba su taɓa ji ba suna yara, yanzu in kin kira ɗaya a bakin makaranta sai 'yan mata da yawa su waigo?

Yanzu ga mai wuyar. Na san ranki ya ɓaci da Yaya, kuma da gaskiyarki, don ba a yi wa mai ciki dariya a cikin taro a kan abin da take ƙauna. Amma ki cire ɓacin ran ki saurari abin da kunnenta ya ji. Tumadir, tumatir. Gaɓa uku da uku, jan wasali a wuri ɗaya, farko ɗaya, ƙarshe ɗaya. Harafi ɗaya tak ya raba su, shi ma "d" da "t" ne, waɗanda a wuri ɗaya harshe yake bugawa wajen furta su. Balarabe ba ya jin wannan kamar, don "d" ɗin sunan a wurinsa lodi ne, mai kauri. Bahaushe kuwa nan take zai ji. Gaskiya ne sunan ya girmi zuwan tumatir wannan sashen na duniya da kusan shekara 1000, tunda sai a ƙarni na 16 Sifaniyawa suka ɗauko shi daga nahiyar Amurka. Amma je ki gaya wa ɗan shekara shida haka.

Ki hango ranar farko a aji. Malam ya buɗe rajista yana sauka da biro, ya wuce A'isha, ya wuce Maryam, ya iso kan nata ya tsaya. Ya matso da takardar, ya karanta a hankali, ƙila ma ya karanta ba daidai ba. Wani yaro a benci na baya ya rufe baki da hannu ya raɗa wa na kusa da shi. Kafin a tashi tara, sunan ya gama zagaya filin wasa. Ke ba kya wurin. Ita ce a wurin, da ƙaramar jakarta, kuma ba ta san Ukaz ba, ba ta san Abu Salama ba. Wannan shi ne abin da nake so ki auna da gaske, don ke za ki zaɓa, ita za ta ɗauka. Wata yarinyar tsokana ba ta damunta, sai ta rama a wuce wurin, har ta girma tana alfahari da cewa ita kaɗai ce mai sunanta. Wata kuwa sai ta dawo gida ta ce ita ba za ta koma ba. Ba ki san wacce Allah zai ba ki ba.

Wani zai ce a karanta lodin yadda malamanmu na zaure suke karanta shi, yadda aka sami alƙali da farilla da larura, da Murtala da Raliya da Rilwanu, sai a ce Tumalir. Ya ɗan kauce wa tarkon, amma ban ga ya tsira ba, kuma kin ƙara wa yarinyar aikin bayani a duk inda ta je. Ban ba ki wannan shawarar ba.

Abin da na lura da shi a kan tsokanar suna shi ne, ta waje ba ta cika kama mutum ba sai ta sami gindin zama a gida. Yaran makaranta suna gajiya, su koma kan wani. Amma in gwaggo ta ɗauki jaririya tana mata rawa tana cewa "'yar tumatir ɗina", 'ya'yanta suka ɗauka, maƙwabta suka ɗauka, to shi ke nan ya bi ta har gidan miji. Kuma da soyayya za a yi shi, wanda shi ya sa yake da wuyar hanawa. Allah Ya hana jifan juna da laƙabi a aya ta 11 ta Suratul Hujurat, amma ba ke za ki karanta wa yayar mijinki ayar ba. In kika yi, an bar maganar suna an koma maganar raini. Ƙaninta ne zai same ta su biyu, ya ce, "Yaya, sunan nan na sahabiya ne, don Allah kada a mayar da shi abin wasa a gaban yara." Daga bakinsa magana ce. Daga bakinki faɗa ne.

Shi ya kawo mu kan shirun maigida. "A bari a haihu lafiya" ba amsa ba ce, jinkiri ne, kuma haɗarinsa shi ne a kai ranar da kina kwance da ciwon jiki, baƙi cike da gida, a yanke maganar a tsaye. Ki nemi lokacin da hankalinsa yake kwance, ba da kuka ba, ba da littafi a hannu ba, ki yi masa tambaya ɗaya: "Na ga tun ranar da Yaya ta yi maganar nan ka ja baya. Sunan ne bai kwanta maka ba, ko dariyar ce?" Sai ki yi shiru ki bar shi ya amsa. In ya ce dariyar ce, to kunya ce ta kama shi a gaban danginsa, kuma labarin matar Abdurrahman ɗan Aufu zai ba shi abin faɗa. In kuwa ya ce shi ma da ya ji an faɗa da ƙarfi sai ya ji wa 'yarsa tsoro, to ki ɗauki maganarsa da muhimmanci. Ba juya miki baya ya yi ba, uba ne yake tunanin 'yarsa.

Ki sani kuma, malamai irin su Ibnul Ƙayyim, a littafinsa Tuhfatul Maudud na hukunce-hukuncen jarirai, sun ce in uwa da uba suka saɓa a kan suna, haƙƙin uba ne, tunda da sunansa ake danganta ɗan. Wannan bai rufe bakin uwa ba. A Suratu Ali Imrana, aya ta 36, matar Imrana ce ta ce ta sa wa 'yarta suna Maryam. Kina da ta cewa, kuma miji mai hankali ba ya watsar da burin da matarsa ta riƙe tun tana budurwa. Amma sunan da aka ci da rigima, uban ya rinƙa kauce wa kiransa, kakar ta rinƙa haɗiye shi, ba nasara ba ce.

Hajiya kuwa kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Tambaya mai kyau ta yi, irin wadda ya kamata kowace kaka ta yi. Ki bar ɗanta ya kai mata amsar, ko wani malami da take girmamawa. In ke ce za ki faɗa, ki faɗa kamar mai kawo saƙon da aka aike ta: "Hajiya, kin ce a bincika, an bincika. Ashe sunan matar Sayyidina Abdurrahman ɗan Aufu ne." Ki tsaya nan. Tsofaffi ba sa son a yi musu lacca, amma suna son a nuna an ji maganarsu.

Kin tambaye ni ki dage ko ki haƙura. Ni dai ga abin da zan yi da ni ce ke. Zan tambayi kaina me nake so a sunan, sautinsa ko matar da take bayansa. Daga wasiƙarki, matar ce: ajin adabi ne ya sa miki shi a rai. To ita kanta duniya ba da Tumadir ta san ta ba. Ke ma sai da malami ya gaya miki. Shekara sama da 1400 ana kiran ta da laƙabinta, Khansa'u, sunan yankan yana ajiye a littafi. Babu abin da zai hana ki bi wannan sawun. In maigida ya yarda da zuciya ɗaya, a raɗa mata Tumadir, a rubuta a takarda, amma tun ranar farko ke da shi ku rinƙa kiran ta Khansa'u, har bakin kowa ya saba, kuma da shi za a san ta a makaranta. In ta girma ta ji labarin ta so sunan yankanta, nata ne, ta fito da shi. In kuwa kin ga har yanzu yana ɗari-ɗari, ki sauke Tumadir ki riƙe Khansa'u shi kaɗai. Ba ki rasa matar da kike so ba, kuma kin sauke wa 'yarki kaya. Abin da ba zan yi ba shi ne in dage don kawai kada a ce dariyar Yaya ta yi nasara. Wannan ya zama ana rama faɗan manya da sunan jaririya.

Kada ki zaci shi Khansa'un ya kuɓuta daga masu magana. Ma'anarsa mace mai ɗan gajeren karan hanci da ɗagaggen kai, siffar barewa, kuma yabo ne a wurin Larabawa. Amma ina tabbatar miki za a sami wanda zai ce ai tushensa ɗaya da "khannas" na Suratun Nas. Haka ne, tushen yana nufin ja da baya ko ɓuya. Sai ki tuna masa cewa a aya ta 15 ta Suratut Takwir Allah Ya rantse da "khunnas", taurarin da suke ɓuya, daga tushen nan dai. Bambancin shi ne wannan suka ce ta mai ɗan karatu, ana amsa ta sau ɗaya a wuce. Ba irin wadda yara suke rerawa a filin wasa ba ce.

Abu na ƙarshe, wanda iyaye suke rainawa sai ya zo ya ba 'ya'yansu wahala: rubutu. Sunan da ba a saba da shi ba, kowane magatakarda da yadda zai rubuta shi. Larabawa kansu in sun rubuta da boko za ki ga Tumadir, Tamadur, Tomader, Tumadhir. Khansa'u ma haka, wani ya sa "Kh", wani ya sa "H", wani ya yar da wasalin ƙarshe. Ku zauna ke da maigida ku tsayar da rubutu ɗaya tun kafin haihuwa, ku rubuta shi da manyan baƙaƙe a takarda, a miƙa wa mai cike takardar haihuwa ya kwafa, kada a faɗa masa da baki. Kafin a baro wurin a duba harafi bayan harafi. Yadda ya fito a takardar haihuwa haka zai shiga ta makaranta, da ta jarrabawa, da fasfo, kuma gyaran harafi ɗaya bayan shekara 18 yana iya cin watanni ana zirga-zirga tsakanin ofisoshi.

Ki yi maganar da maigida a cikin makon nan, kada ki bari sai naƙuda ta taso. Allah Ya sauke ki lafiya.